Onarabul Ba Ta Tambaya Sau Biyu

A ɗakin wanki na benenmu na fara haɗuwa da ita, kuma da faɗa muka buɗe. Benen da nake zaune a Alexandria, kusa da Washington, irin dogayen nan ne na yammacin gari, kowane hawa da ɗakin wankinsa, amma maƙwabta sun fi ƙarfin injinan. Wata Asabar da hantsi na zuba kaya a injin busarwa, na koma zan ɗora miya, sai waya ta shigo daga Kano. Kun san wayar gida, sai an gaisa da kowa har da wanda ya shigo aron tsintsiya. Da na dawo na tarar da wata dattijuwar Baturiya, doguwa, farin gashinta a yanke gajere, ta kwashe zannuwana ta linke su tsaf a kan tebur, kowane ɗankwali ta haɗa shi da zaninsa. Ban kai ga godiya ba ta ce mini injin ya daɗe da tsayawa, kuma akwai mutanen da ke jira. Na waiga, ba kowa a ɗakin sai ni da ita. Na ce ina mutanen? Ta ce ita ce mutanen.

Ni kuma ba a bar ni a baya ba wajen baki. Na ce mata a garinmu ba a taɓa wa mace zani sai da izininta. Ta ce wannan doka ce mai kyau, ba ta san da ita ba, kuma ta ba ni haƙuri. Sannan ta ƙara da cewa maganar injin tana nan. Daga nan muka saba.

Bajamushiya ce. Wata jami'a da ke arewa maso yammacin Washington ce ta gayyato ta, ta riƙa yi wa ɗalibai bayanin yadda majalisa take aiki daga ciki, shi ne ta kama ɗaki a hawanmu. Kullum da safe za ka gan ta da jakar goyo a baya tana sauri ta kama jirgin ƙasa na Metro. Ranar da ta gaya mini cewa ta yi shekaru masu yawa tana 'yar majalisar tarayya a ƙasarsu, sai da na ajiye kwandon hannuna na ƙare mata kallo. Ni na san ɗan majalisa. Ɗan majalisa ba ya riƙe wayarsa da kansa, balle kwandon wanki. Na tambaye ta ina motocin, ina 'yan rakiyar. Ta ce tana da keke a gida, amma tayar baya tana sacewa.

Tun daga ranar na sa mata Onarabul. Ta yi ta fama da ni in kira ta da sunanta, na ce ba zan iya ba, sa'ar mahaifiyata ce, bakina ba zai ɗauka ba. Ta ce a ƙasarsu ba wanda ya taɓa kiran ta haka ko tana kan kujera. Na ce to Allah ya kawo ta inda za a biya ta bashin girmanta.

Karo na farko da na shiga ɗakinta na ci karo da halinta na gaske. Ta gasa kek na tuffa, ƙamshinsa har bakin lifta. Ta ɗauko shi ta tambaye ni ko zan ci. Na ce a'a, na gode, yanzu na ci abinci. Ai haka ake yi, ba ka yin zalama a gidan mutane, sai an ce haba, ka ce wallahi na ƙoshi, a ce ko ɗan kaɗan, sannan ka miƙa hannu kamar an tilasta ka. Onarabul ta ce to, ta rufe kek ɗin, ta mayar da shi firji, ta dawo ta zauna muka ci gaba da hira. Na zauna ina amsa ta da ka, hankalina yana cikin firjin. Da na koma ɗakina haushi ya ishe ni, har na kira ƙawata na ce Turawan nan ba su da kara. Onarabul kuwa da ta zo wurina na ce ga dambun shinkafa ko za ta taɓa, ban rufe baki ba ta ce e, ta cinye, ta nemi ƙari.

A irin wannan zama na yamma, da shayi a gabanmu, na ji tarihinta gutsure-gutsure. A wani ƙaramin gari na bakin kogi aka haife ta, mahaifinta mai gidan burodi ne. Malamar makaranta ta zama, tana koyar da kimiyya, kuma ba ta taɓa kawo siyasa a ranta ba sai da aka soke bas ɗin da ke kawo yaran ƙauyuka makaranta da safe. Ta je ofishin gari ta yi ƙorafi, aka ce ta rubuto. Ta rubuto, aka ce kwamiti zai duba. Ta nemi a nuna mata 'yan kwamitin, ta ga maza ne zalla, kowanne da motarsa a waje. Shi ne ta tsaya takarar kansila, ta ci, bas ya dawo. Daga nan sai majalisar jiha, daga can sai ta tarayya a Berlin, inda ta ƙare a kwamitin sufuri har ta shugabance shi. Ta ce mutane suna zaton aikin majalisa jawabi ne, alhali yawancinsa zama ne a ɗaki mai zafi ana gardama kan sakin layi ɗaya har kofi ya huce. Ranar Asabar kuma ta koma mazaɓarta ta kafa lema a kasuwa, tana raba biro, tsofaffi suna tsayawa su zage ta kan ramukan titi su karɓi biron su wuce. Daga ƙarshe jam'iyyarta ta gabatar da wani matashi a gabanta, ita kuma ta kwashe kayan ofishinta a kwali da hannunta. Ta ce abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta ɓoye ba.

Akwai labari ɗaya da ta ba ni wanda ya sa na daina ganin ba ta san kunya ba. Lokacin da kujerar majalisar jiha ta fara buɗewa, 'yan jam'iyyarsu suka taru a ɗakin baya na wani gidan abinci, shugaban taron ya dube ta a gaban kowa ya ce ko za ta tsaya. Ta ce mini a ranta tana son kujerar nan ƙwarai da gaske. Amma uwarta ta tarbiyyantar da ita cewa yarinyar kirki ba ta fara kai hannu faranti, sai ta ce a ba ta lokaci ta yi tunani. Wani mutum da ke gefenta ya ɗaga hannu ya ce shi ya gama nasa tunanin. Aka ba shi. Ta zauna tana manna hotunansa a bango har ya gaji don kansa ya sauka.

Ashe ina jin wannan labari ne don Anti.

Anti ba 'yar'uwata ba ce ta jini, amma duk macen da ta sauka a yankin nan daga Kano ko Zariya ko Damagaram ko Kumasi, in dai tana jin Hausa, Anti ce Antinta. Nas ce a wani asibiti a Largo, can take da gida. A falonta aka kafa ƙungiyarmu ta mata, tun muna 'yan kaɗan muna zama a kan kafet. Ita ke ɗauko baƙuwa daga filin jirgi, ita ke kwana da mai jego, ita ta san wanda za a kira idan aka yi rasuwa, ita ke shiga wankan gawa in mace ce. Amma ba ita ce shugaba ba. Shugaba Hajiya Babba ce, saboda ta girme kowa, kuma aikinta shi ne ta zauna a kujerar gaba ta buɗe taro da addu'a, Anti tana riƙe mata jaka.

Duk shekara Hajiya Babba takan yi wata 'yar al'ada. Ta ce ta gaji, gwiwa ta ƙi, a ba wa ƙanwarta Anti kujerar nan. Anti ta sunkuyar da kai ta ce haba Hajiya, kina raye? Kafin mu tattaro baki mu fara roƙo, Hajiya Babba ta riga ta ce to shi ke nan, tunda kin ƙi, a kawo abinci. Mu kuma mu yi dariya mu tashi mu ɗauki faranti.

Sai ga shi Hajiya Babba ta tattara ta koma gida gaba ɗaya, kujera ta zama babu kowa. A daidai lokacin ne Anti take shirin yin ritaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse wasu jihohi, in ta yi musu Hausa a waya su amsa mata da Turanci. Ƙungiyar nan ita ce abin da ya rage mata, kuma tana son kujerar nan. Ba ta taɓa faɗa ba, amma ni na sani, kuma tausayinta nake ji.

Da a da ne, da mun taru mun roƙe ta, ta ƙi, mu sake, ta ƙi, mu haɗa ta da Allah, ta karɓa. Amma ƙungiya ta girma, ta cika da matasa, likitoci da injiniyoyi da masu koyarwa a jami'a, suka ce a'a, ƙungiya mai rajista ce, dokarta ta ce zaɓe, zaɓe za a yi. Wasunsu ma suna da tasu 'yar takarar a zuci, wata likitar yara, mai hankali ce ba laifi, kuma ita in an tambaye ta ba za ta tsaya sunkuye-sunkuye ba. Aka zo kan wa zai gudanar da zaɓen, nan ma aka cije. Duk wadda aka ambata sai a ce ai surukar wance ce, ko ƙawar wance, ko tare suke zuwa sayen nama. Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya na ce ina da 'yar majalisa sukutum a hawanmu, ba ta san kowa ba, ba ta jin Hausa, ba ta jin roƙo. Aka yi na'am, har ana yaba mini.

Onarabul ta karɓa da murna, kamar an ce mata ga kekenta an gyara. Ta karanta dokar ƙungiyar tas, ta ce tunda ba wadda za ta tsaya ta ce a zaɓe ni, abu mai sauƙi ne, kowace mace ta rubuta sunan da take so a ɓoye, a ƙirga. Na ce madalla. Ta ce bayan an ƙirga kuma za ta tambayi wadda ta ci ko ta amince da zaɓen, don haka ake yi a wurinsu, ko shugaban gwamnati aka zaɓa sai an tambaye shi a gaban majalisa ya amsa da bakinsa. In ta ce e, an gama. In ta ce a'a, a koma kan mai bi mata.

Nan gabana ya faɗi. Na tuna kek.

Na gyara zama na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce Onarabul, a wurinmu a'a ta farko gaisuwa ce. Babbar mace ba ta cewa tana son girma, sai an bi ta an roƙe ta. Ki tambaye ta, ta ƙi, ki bar mu mu yi aikinmu, ki sake tambaya, haka har ta sauko. Ta saurare ni da kyau, har tana gyaɗa kai. Sannan ta ce ta gane, kuma ba ta raina al'adar ba, amma ba za ta yi ba. Ta ce in ta tambayi mace sau biyu, ta nuna mata ke nan amsarta ta farko ba ta da daraja. Na ce to ai ke ma an taɓa yi miki, kin san zafinsa. Ta ce shi ya sa.

Na bar ta na kama Metro har ƙarshen layi, na sauka Largo, na nufi gidan Anti. Na same ta tana guga. A jikin ƙofar ɗakinta ga wani sabon leshi ruwan zuma a rataye, ko ledar tela ba a cire ba. Na ce Anti wannan fa? Ta ce na biki ne. Na ce bikin wa? Ta ce in ba ni da abin faɗa in ɗauko mata ruwa a firji.

Na zauna na zayyana mata komai. Na ce matar nan sau ɗaya take tambaya, na gani da idona, na rasa kek a kan haka. In ta tambaye ki, ki ce na amince, kalma biyu, shi ke nan.

Anti ta kife dutsen guga ta dube ni. Ta ce, "Ni da girmana in buɗe baki a gaban 'ya'yan cikina in ce ina son kujera? Sai ka ce wata 'yar jagaliya. Gobe a ce ashe duk wahalar da take yi da mu kujera take nema."

Na ce ba wadda za ta ce haka.

Ta ce, "Ke yarinya ce. Ku dai ku roƙe ni yadda aka saba, ni na san inda zan karɓa. Baturiyar taki ai mutum ce, in ta ga jama'a sun taso za ta bi."

Na ce Anti ba ki san ta ba. Ta ce ai ita ma Baturiyar ba ta san wace ce Anti ba. Na koma gida raina a jagule, ina cewa wa ya aike ni.

Ranar Lahadi bayan azahar aka sa taron, a zauren da unguwar su Anti ke ba da haya. Ni na kawo Onarabul, kuma saboda ita muka isa kan lokaci, wato muka tarar da kujeru kawai. Ta jera su layi-layi, ta ajiye tebur a gaba, ta fito da kwalin takalmi da ta tsaga wa baki a sama, da wata 'yar ƙararrawa ta tagulla wadda ta ce da ita take tsawatar wa 'yan kwamitinta. Mata suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya da kuloli, 'yan Kumasi da shinkafa da wakensu, 'yan Nijar da kilishi, mu da waina da miyar taushe. Duk wadda ta shigo sai ta zagaya ta gaida kowa, ta zo ta gaida Onarabul ta tambaye ta gajiya da mutan gida, ni ina fassarawa. Onarabul ta duba agogo, ta duba ni, ta cire agogon ta jefa a jaka. Anti ce ta shigo kusan ƙarshe, cikin leshin ruwan zuma, ta wuce can baya ta zauna kusa da kuloli kamar ba da ita ake ba.

Zaɓen sirri ya ba mu wahala. An raba takardu ke nan sai na ga mata suna tururuwa zuwa baya, kowace tana buɗe tata tana cewa Anti kin gani ko, ke na rubuta. Onarabul ta kaɗa ƙararrawa ta ce a karɓe takardun a sake. Ta nemi aron mayafi a wurin wata, aka ɗaure shi a kusurwa, ta ce kowa ta shiga bayan labule ita kaɗai. Inna, wata tsohuwa 'yar Damagaram da ta zo zama wurin ɗanta, wadda yanzu ita ce mafi shekaru a cikinmu, ta shiga ta daɗe, sannan ta ɗaga murya daga bayan labulen tana tambayar yadda ake rubuta sunan Anti. Zauren ya kwashe da dariya. Onarabul ta ce me ta ce? Na ce addu'a take yi.

Aka juye kwalin a kan tebur, aka ƙirga a gaban shaidu. Anti ta ci, nesa ba kusa ba. Likitar yara ce ta bi mata.

Onarabul ba ta gama faɗin sakamakon ba Anti ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "A'a, a'a. Ni wa? Ga Inna a zaune, ga masu ilmi. Ku rufa mini asiri, ni ba zan iya ba."

Mu kuma muka ɗauka, kowa ta san wurinta. Haba Anti. Ki yi wa Allah. In ba ke ba wa. Wata har ta taso za ta durƙusa. Abin yana tafiya daidai yadda aka saba, na fara jin sanyi a raina, sai ƙararrawa ta katse mu. Onarabul ta kaɗa ta har sai da zauren ya yi tsit. Ta ce in gaya wa jama'a ba a tambayi kowa komai ba tukuna, don haka ba ta ji amsar kowa ba. Yanzu za ta yi tambayar, kuma daga nan har a amsa ba ta son jin muryar kowa sai ta wadda aka tambaya.

Ta miƙe tsaye, ta ɓalla maɓallin kwat ɗinta, ta fuskanci Anti can baya. Ta ce mata 'yan ƙungiya sun zaɓe ta shugaba, shin ta amince da zaɓen? Anti tana jin Turanci fiye da ni, amma na fassara don Inna, na kuma ƙara da nawa a cikin fassarar, na ce Anti sau ɗaya ne fa.

Anti ta leƙo ta gefen mayafi tana duban mu ɗaya bayan ɗaya, tana jiran a taso. Duk wadda ta motsa baki sai Onarabul ta ɗan ɗaga ƙararrawar, bakin ya koma ya rufe. Ban taɓa jin taron matanmu ya yi shiru irin wannan ba, har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ake ji. Zufa ta karyo mini. Likitar yara ta gyara zaman gilashinta.

Amma Anti tsohuwar hannu ce, ta samo wata ƙofar. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce da Hausa, "To, tunda kun matsa mini, kun ƙi bari in huta, ya zan yi da ku."

Wata ta rangaɗa guɗa. Ni kuma don murna na juya na fassara wa Onarabul maganar kalma bayan kalma, ban rage komai ba. Ina gamawa na ga fuskarta ta canza. Ta kaɗa ƙararrawa, ta ce wa ya matsa mata? Na ce a'a Onarabul, salon magana ne kawai. Ta ce ita ba salo ta ji ba, ta ji mace ta ce an tilasta ta kuma an hana ta hutu. Ta ce zaɓen da aka yi wa mutum dole ba zaɓe ba ne, kuma matar da ta yi wa jama'a aiki shekara da shekaru ta cancanci a bar ta ta huta in hutun take so. In haka ne za ta rubuta cewa ba ta amince da son ranta ba, ta koma kan mai bi mata. Ta faɗi wannan da tausayi sosai a muryarta. Har yau ban sani ba ko da gaske ta ɗauka, ko kuwa tsohuwar 'yar siyasa ce ta ga ƙofa ta sa ƙafa ta tokare. Na tambaye ta daga baya, ta ce ita dai doka ta bi.

Ta juya ta fuskanci likitar yara, ta fara buɗe baki.

"Ba wanda ya matsa mini."

Daga can baya maganar ta fito, daga bakin Anti, da Turanci, a hankali. Onarabul ta juyo ta tsaya. Anti ta sauke mayafin daga fuskarta, ta dafa kula ta miƙe. Sauran maganar da Hausa ta yi ta, kuma ba Onarabul take kallo ba, mu take kallo.

Ta ce, "Ni nake so. Tun ranar da muka fara zama a falona nake so. Ina riƙe da jakar Hajiya ina so. Duk shekara in ta ce a ba ni, in ce a'a, in koma gida in kasa cin abinci. Na amince. Ina so."

Muryarta ta karye a ƙarshen. Ban fassara ba, ba zan iya ba. Onarabul ma ba ta nema ba, ta sunkuya ta yi rubutunta. Kunya ta kama ni kamar ni ce na yi maganar, ga kuma wani son Anti da ya cika mini ƙirji. Mata suka sunkuyar da kai, kowace tana wasa da bakin mayafinta.

Inna ce ta kawar da shirun. Daga kujerarta ta ce, "To ai mun sani, 'yar nan. Duk mun sani. Zo ki zauna mu ci abinci."

Aka fara 'yar dariya, irin ta samun sauƙi. Anti ba ta yi ba. Ta share ido da gefen mayafi ta dube mu, ta ce, "Kun sani? Kun sani kuka bar ni duk shekarun nan?"

Dariyar ta tsaya. Ba wadda ta amsa mata, har ni mai baki. Sai ta gyara leshinta ta ratso tsakanin kujeru har gaba. Ta ja kujerar shugaba ta zauna, ba ta jira an ce mata bismillah ba.